Jere a kan kantar murhu lokacin hunturu: amsa ga wata 'yar'uwa a Manchester

"Assalamu alaikum Anti. Wata huɗu ke nan da muka tare a wani tsohon gida a Manchester, ni da maigidana da yara biyu, babbar shekararta bakwai, ƙaramin bai cika uku ba. A falon akwai murhu irin na Turawa a jikin bango, da 'yar kanta a samansa. Tun da Disamba ta kama yarinyar ta hana ni sakat, wai gidan ƙawayenta duk an ƙawata nasu da ganye da fitilu, namu kuwa sai makullai da takardun bil. Ina so in yi mata, amma ban san ta inda ake farawa ba. Ina tsoron gobara, ga shi gidan haya ne, kuma mu Musulmi ne, ba na so in kwaso abin da ban san ma'anarsa ba in jera a falona. Wace shawara za ki ba ni?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar makullai da takardun bil ta ba ni dariya, don kusan duk gidan 'yan ƙasarmu da na shiga a nan abin da nake tararwa a kan kantar ke nan, sai ko rimot da kwalbar man zafi. Ba mu taso da ita ba, shi ya sa. Ni ma na daɗe ina ajiye cazar waya a kan tawa, kafin aikin ƙawata wuraren biki ya kai ni cikin gidajen Turawa, na ga yadda suka ɗauke ta kamar yadda iyayenmu suka ɗauki bangon jere a ɗakin amarya.

In na fahimce ki, so kike ki faranta wa yarinya rai, gida bai kama da wuta ba, mai gidan haya bai cinye miki kuɗin ajiyar da kuka ba shi jingina lokacin kama gidan ba, kuma ba ki kafa a falonki abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba. Duk mai yiwuwa ne. Sai dai akwai abu ɗaya da ba ki faɗa ba, kuma shi nake fara tambayar duk wanda ya kira ni aiki kafin mu yi maganar launi ko kuɗi: murhun nan, yana ci ko ba ya ci?

Murhun naki wane iri ne?

Yawancin gidajen jan bulo da kike gani a jere a Manchester da Leeds da Bradford an gina su ne a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da masaƙu suka cika garuruwan nan da ma'aikata. Da kwal ake ɗumama gida a lokacin, saboda haka kusan kowane ɗaki da murhunsa da bututun hayaƙinsa. A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan na kwanaki, dubban mutane suka mutu, abin da ya kai ga dokar tsabtace iska ta 1956. Daga nan aka yi ta komawa gas da hitar bango, aka toshe murahu da yawa, aka bar kantar da bakin murhun don ado. Wannan ne ya sa yau gida biyu a layi ɗaya za ki ga murhunsu kama ɗaya a ido, amma ɗaya matacce ne, ɗaya kuwa yana iya ƙona gida.

Idan naki matacce ne, wato an toshe bututun ko an like bakin da katako, kin huta. Kanta ce kawai kamar kowace, har cikin bakin murhun kina iya jera guma-guman itace ki zagaye su da ƙananan fitilu, ya ba da kamar wuta na ci. Abin da zan roƙe ki shi ne kada wata rana sanyi ya ciwo ku maigida ya ce bari a ɗan hura wuta a ciki. Bututun da aka toshe, ko wanda ya yi shekaru ba a share ba, hayaƙin cikin ɗaki yake dawowa. Haka kuma kaskon gawayi irin wanda muke jin ɗumi da shi a gida lokacin hunturu, kada ki kuskura ki shigo da shi. Ɗakunanmu na gida iska na ratsa su ta ƙofa da taga, na nan kuwa a like suke ruf da gilashi ninki biyu. Iskar gubar da gawayi ke fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda kike jin ta hallaka iyali in an kwana da janareto a cikin gida.

Idan na gas ne, to dokar Ingila ta ɗora wa mai gidan haya ya kawo injiniya mai rajistar Gas Safe ya duba shi duk shekara, ya kuma ba ku takardar. Tun daga Oktoban 2022 wajibi ne ya sa ƙararrawar iskar guba a duk ɗakin da ke da irin wannan murhu. Ki nemi takardar, ki danna maɓallin ƙararrawar ki ji ta yi ƙara, sannan mu yi maganar ganye. Ni mai ado ce, ba injiniyar gas ba, kuma ban ga murhunki da idona ba. In kin ga baƙin hayaƙi ya fara taruwa a bangon da ke kewaye da shi, ko kuna yawan ciwon kai a falon wanda ke sakin ku da zarar kun fita waje, ki kashe shi ki kira masu aikin, ba ni ba.

Na lantarki shi ya fi sauƙi, amma ki duba ta inda yake huro iska mai zafi, don wasu ta sama suke hurowa, daidai inda ganye zai sauko. Na itace kuwa, ko buɗaɗɗe ko mai akwatin ƙarfe da ƙofar gilashi, shi ne mai tartsatsi, kuma shi ne wanda nake rage wa ado ƙwarai.

Ga gwajin da nake yi a kowane gida. A kunna murhun ya yi awa guda yana ci kamar yadda aka saba kunna shi da daddare, sai in ɗora tafin hannuna a saman kantar, sannan a ƙarƙashinta, sannan a leɓenta na gaba. Wurin da na kasa barin hannuna a kai, ba abin da zan ɗora a wurin sai ƙarfe ko tangaran. Masu kashe gobara suna ba da shawarar a nisanta duk abin da ke iya kamawa daga wuta da kimanin mita guda. Ki auna mita guda daga bakin murhunki ki gani, za ki tarar duk abin da ya zubo ƙasa daga kantar ya shiga cikin wannan iyaka. Hotunan da kike gani a Instagram, ganye ya zubo har ƙasa gefe da gefe ga wuta na ci bal-bal a tsakiya, na ɗaukar hoto ne. Wuta da ado mai lilo ba sa zama tare a dare ɗaya, ko dai ki kunna ki janye shi, ko ki bar shi ki kunna hita.

Abin da kowane kaya ke nufi

Na zo kan abin da na san shi ya fi damun ki. Ba ni da ilimin da zan ce miki wannan ya halatta wancan bai halatta ba, wannan na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da shi tare da maigidanki. Abin da zan iya shi ne in faɗa miki asalin kowane kaya, don ki zaɓa da idonki a buɗe.

Akwai waɗanda na addinin Kirista ne kai tsaye: 'yan mutum-mutumin da ke nuna haihuwar Annabi Isa a sakarkari, wato komin dabbobi, da mala'iku, da tauraron da ake ɗorawa a ƙololuwar bishiyar Kirsimeti, da kyandirori huɗu da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya a ranakun Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Ina da kwastomomi Kiristoci 'yan Jos da Kudancin Kaduna, su waɗannan suke so a tsakiyar kantarsu, kuma nakan yi musu da kyau. Safar da ake ratayewa ita ma tana da labari. Ana danganta ta da wani limamin coci mai suna Nikolas, wanda ya rayu a garin Myra, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Wai ya ji labarin wani talaka mai 'yan mata uku da ya rasa abin aurar da su, sai ya jefa musu zinariya da dare, ta faɗa cikin safar da suka shanya a bakin murhu. Daga shi aka samo tsohon nan mai jar riga da farin gemu, kuma lemon zaƙin da ake sa wa yara a ƙasan safa ana cewa madadin zinariyar ne. Katunan gaisuwa da suke jerawa a kanta kuwa ba su da wani tsufa: a 1843 wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga na farko na sayarwa a Landan. Ita kanta bishiyar al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu a gindinta a 1848.

Ganye da haske kuwa labarinsu ya fi alaƙa da yanayin ƙasar. Kin ga da idonki yadda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Manchester a wannan wata, kina idar da La'asar ba da jimawa ba Magariba ta shigo. Wajen 21 ga Disamba yinin bai kai awa takwas ba. Itatuwa duk sun zubar da ganye sun koma ƙirare. Mutanen da ke rayuwa a irin wannan duhu tun kafin a san lantarki, ba abin mamaki ba ne su yanko 'yan itatuwan da ba sa zubar da ganye su shigo da su ɗaki, su ƙara fitila. Turawan da, kafin Kiristanci ya iso su, sun jingina wa wasu ganyayen camfe-camfensu, musamman wani mai fararen 'ya'ya da ke tsirowa a jikin wata bishiya, ɗan'uwan kaucin da muka sani a gida, wanda har yau suke ratayewa a ƙofa da al'adar sumbatar juna a ƙarƙashinsa. Wannan ki bar musu abinsu, dama 'ya'yansa guba ne.

Yawancin iyalan Musulmin da na yi wa aiki, ganye da haske da ƙamshi suke ɗauka, su bar safa da tauraro da jan tsoho, su kira shi adon hunturu. Akwai kuma waɗanda suka ce ko wannan ba sa so a watan Disamba, sai Janairu ta kama ko sai azumi. Ban taɓa ganin laifin ko ɗaya ba.

Jeren kansa

A nan nake so ki saki jikinki, domin kin fi maƙwabtanki sanin wannan aiki, ba ki dai lura ba ne. Duk wadda ta taɓa tsayawa a ɗakin amarya ranar jere ta ga yadda gwaggonni ke yi: babbar kwalla a ƙasa, mai bi mata a kai, ƙanana a sama, a ja da baya a duba, a ce a'a, wannan ta karkace, a sauke a sake. Ba wanda ya ba su ma'auni. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bambancin kawai shi ne jerenmu na nuna yawa ne, a cika bango taf a san 'yar gata ce, ita kuwa kantar murhu siririya ce. Waɗanda nake aiki a kansu faɗinsu bai cika wuce taƙi guda ba, tsawon kuma mita ɗaya da 'yan kai. Kika cika ta, ta koma teburin mai koli.

Ki fara da kwashe komai, ki goge ta, ki koma kan kujerar da kuka fi zama ki kalle ta daga can. Daga zaune ake ganin kanta, ba daga tsaye a gabanta ba.

Abu na farko shi ne babba guda ɗaya a tsakiya ko ɗan gefe kaɗan, wanda ido zai fara sauka a kai. Turawa madubi suke sawa, kuma da dalili, yana ninka hasken fitilu ya maido shi ɗaki. In akwai shi a bangon, ki bar shi. In babu, ba sai kin saya ba. Aikin da na fi alfahari da shi a bara, faya-fayi uku na yi amfani da su, irin masu launi da ake rufe ƙwarya, wata baiwar Allah ta zo da su daga Katsina suna cikin akwati shekara da shekaru. Muka jingina babban a bango, matsakaicin ya ɗan hau kansa ta dama, ƙaramin a gaba. Ja da kore da ruwan ƙasan da ke jikinsu suka zauna da ganyen kamar don shi aka saƙa su. Maƙwabciyarta Baturiya ta shigo ta tsaya tana tambayar a wane kanti aka sayo. Amma ki lura, murhun gidan matacce ne. Faifai kaba ce, in naki yana ci, ki nemi farantin tagulla ko tasa a madadinsa.

Bayan babban, sai tsayi. Kada kayan su zama kai ɗaya kamar 'yan makaranta a layi. Dogo ɗaya a gefe, misali tulun tangaran da dogayen rassa a ciki, sai matsakaici kusa da shi, sai gajere. Uku-uku ko biyar-biyar sun fi biyu-biyu daɗin kallo. Kina iya yin gefe biyu iri ɗaya, fitila nan fitila can, wannan ya fi sauƙi kuma yana dacewa da tsofaffin gidaje irin naki. Ni dai na fi son in nauyaya gefe ɗaya, in bar ɗayan da ɗan ƙaramin abu guda da fili. Filin nan da ba a sa komai ba, shi ne mutane suka fi kasa haƙuri da shi, kullum hannu na ƙaiƙayi a ƙara wani abu.

Launi biyu sun isa bayan koren ganyen. Ja da ruwan zinariya shi ne na gargajiyarsu, kuma shi ne ke sa ado ya yi kama da na Kirsimeti sak. In kina so ki kauce wa wannan, ki ɗauki ruwan lemo da ruwan ƙasa, ko fari da tagulla, ko shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata da fari. Na taɓa shimfiɗa ɗan ƙyallen rini a ƙarƙashin ganye a wata kanta, ya fito fiye da yadda na zata.

In talabijin ce a saman kantar, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa yanzu, to ita ce babban abin, ba yadda za ki yi da ita. Ki yi adon gajere, kuma kada ganye ya rufe 'yar idon da ke karɓar rimot, in ba haka ba maigida ne zai fara sauke miki shi ranar da ake buga ƙwallo.

Ɗanyen ganye ko na roba

Doguwar igiyar ganyen da ake shimfiɗawa a kan kantar, ana sayar da ta roba, yawanci mai tsawon mita 1.8 ko 2.7. Ta 1.8 ta ishe ki in ba kya so ta zubo. Mai araha sosai tana da ƙyalli irin na leda, daga ƙofa ake gane ta, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dabarar da nake yi ita ce in sayi matsakaiciya, in buɗe rassanta ɗaya bayan ɗaya, don a matse take fitowa daga kwali, sannan in tsattsofa ɗanyen ganye a tsakaninta. Masu sayar da bishiyar Kirsimeti a bakin hanya suna datse rassan ƙasa su tara a gefe, in kin tambaya sau da yawa kyauta za su ba ki ko a ɗan kuɗi kaɗan. Ki haɗa da ganyen turare, wannan dai dogon itacen da muka sani a gida, ana samun sa wurin masu furanni, yana bushewa ba tare da ya zube ba, ga ƙamshi.

Ɗanyen ganye a ɗaki mai hita mako ɗaya zuwa biyu yake yi kafin ya bushe. Ki datse gindin rassan ki tsoma su a bokitin ruwa su kwana kafin ki jera, yana ƙara musu kwana. Da zarar kin murza ganye kin ji ya karye ƙaras, ya zama makamashi, a fitar da shi. Kada a jefa shi cikin murhu, yana da ƙaro a jikinsa, tashi yake yi fuu da tartsatsi.

Wannan ba da ka nake faɗa ba. Wata shekara na yi wa wata Hajiya ado a farkon Disamba, na koma wajen ƙarshen wata in ɗauko kayana. Ina shiga na tarar ta ɗora kaskon turaren wuta a kan kantar, garwashi jajir, a tsakiyar ganyen da ya yi mako uku yana shan hita. Ta ce ai nan ne yaro ba ya kaiwa. Wani reshe da ke saman kaskon har ya yi baƙi ya nannaɗe. Ban ce komai ba sai da na ɗauke kaskon na kai sinkin kicin, sannan ƙafafuna suka fara rawa. Tun daga ranar, duk gidan Bahaushiya ko Babarbariya da na yi wa aiki sai na tambayi inda ake ajiye kasko. Ki samu na lantarki, ki ba shi wurinsa daban, nesa da kantar.

Ƙamshin kuma yana cikin kicin ɗinki. Ki yanka lemon zaƙi fale-fale, ki shanya a oven da wuta can ƙasa, wajen digiri 100, awa biyu zuwa uku kina juyawa, zai bushe ya zama kamar gilashi mai ruwan zuma in haske ya bi ta bayansa. Ki ɗaure sandunan kirfa uku-uku da zare. Sannan ki ba yarinyar lemo guda da ɗan kwanon kanumfari ta tsattsoka a jikinsa, ta yi zanen da take so. Tsohuwar al'adar Turawa ce, amma duk wanda ya shigo zai ce ƙamshin shayin gida yake ji. Wannan aikin ya fi komai muhimmanci a wurinta, don abin da take nema a gaskiya shi ne ta ce wa ƙawayenta ni na yi. Ki dai sa lemon a cikin kwano. In kantar ta marmara ce, tsamin lemo yana cin ta ya bar tabon da ba ya gogewa, kuma wannan tabon daga kuɗin ajiyarki za a cire shi.

Fitilu, da ɗan autanki

Ki sayi siririyar wayar fitilu ta LED mai batir, mai haske ruwan ɗorawa, ba fari fat mai kama da na asibiti ba. Ba ta zafi, ba ta buƙatar soket, kuma da yawa suna da agogon da ke kashe su da kansu bayan awa shida. Ki nannaɗe ta cikin ganyen tun yana ƙasa kafin ki ɗora, ki ɓoye akwatin batirin a bayan tulu. In mai soket ce, kada a jona ekstenshan a jikin ekstenshan, kuma kada waya ta bi ta gaban murhu.

Kyandir na gaske ba na sa shi a kantar da ke da ganye, ko a gidan wa. Akwai na batir da ke kaɗawa kamar harshen wuta. Sai dai a nan yaronki ya shigo maganar. Ƙananan kyandirorin nan da batir mai kama da kwabo suke aiki, kuma in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu. Ki sayi waɗanda murfin batirinsu da sukurin ƙarfe aka ɗaure, in kuwa kin yi zargin ya haɗiya, asibiti kai tsaye, ba jira.

Yaro ɗan ƙasa da shekara uku duk abin da ke lilo ja yake yi. Akwai wasu ƙarafa masu nauyi da ake ɗorawa a leɓen kanta don rataye safa, yaro ya ja safar, ƙarfen ya sauko masa a ka. Ko ba za ki rataye safa ba, darasin ɗaya ne: kada wani abu mai nauyi ya kasance a haɗe da abin da hannunsa ke kaiwa. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki miƙa hannu, abin da kika taɓo shi ma zai taɓo. Ganyen nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da suke kira holi yana da kyau ƙwarai, amma 'ya'yan suna sa amai da gudawa, kuma suna zubowa ƙasa in sun bushe. Bana ki haƙura da shi. Jar furen nan ta cikin tukunya da ta cika kantuna, fonsetiya, 'yar asalin Meziko, ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, kuma zafin murhu na kashe ta cikin kwanaki, wurinta tebur ne.

Batun ƙusa kuwa, babu ita a gidan haya. Ki nemi ƙugiyoyin Command masu mannewa, ki manna uku ko huɗu a saman kantar can wajen bango inda ba a gani, ki ɗaure ganyen da su da siririyar koriyar waya ta masu furanni. Wajen cirewa a ja harshen roban a hankali ya miƙe a kwance, ba a fizgo shi waje ba. Kada ki manna su a takardar bango ko tsohon fenti mai ɓawo, tare za su taho. Ki ɗauki hoton kantar kafin ki fara, ki ajiye.

Yaushe a sa, yaushe a sauke

Maƙwabtanki yawanci farkon Disamba suke sawa, su sauke ranar 5 ko 6 ga Janairu, dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti, wasunsu na ganin barin sa ya wuce haka rashin sa'a ne. Ke wannan bai ɗaure ki ba. Ni a gidana nakan canza busasshen ganyen in bar fitilun har ƙarshen Fabrairu, don duhun Janairu ya fi na Disamba cin rai, bukukuwa sun wuce, an kashe fitilun tituna, sai ruwa da iska. Kada ki kashe kuɗi da yawa bana. Daga 26 ga Disamba kantuna ke karya farashin kayan nan, lokacin ake sayen na baɗi. Mazaunin kyandir na tagulla da tuluna kuwa, shagunan kan titi da ƙungiyoyin agaji ke sayar da kayan gwanjo sun fi ko'ina.

Kuma kada ki kai kwalin can ƙuryar rufin ɗaki. Azumi yana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, yanzu ya shigo ƙarshen hunturun ƙasar nan, a 2030 ma sau biyu zai zo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Fitilun nan da ƙugiyoyin nan su za ki sake amfani da su, ki sauke ganye ki ɗora fitilun azumi da farantin dabino, yarinyar ta ƙirga kwanakin Sallah a kan kantar da ta saba yi wa ado.

Ki duba min murhun ki faɗa min wane iri ne, da ko kantar katako ce ko dutse. In na gas ne, ki haɗo da ranar da ke jikin takardar injiniyan.